GYARA KAYANKA: Haske cikin wurin wanka na gidan haya

In anka gama girbi, anka ɗaure dammuna, anka zuba hatsi cikin rumbu, mutanen karkara da yawa suna shigowa gari. Wani ya taso daga Matankari ko Ɗankasari, ya zo cin rani Dogon Dutsi. Wani yaronshi ne ya samu shiga kwaleji, dole a nemo mashi masauki. Wani makiyayi ne, ya aje iyali Tibiri ko Kore Mai Ruwa, shi ya bi dabbobi. Dukansu ɗaki suke kamawa na haya.

Mai neman ɗaki yakan duba ƙofa, ya duba rufi, ya tambayi kuɗin wata. Wuri guda ne yakan manta: wurin wanka. Sai dare ya yi, ko asuba, sannan ya gane wurin duhu ne ƙirin. Watan ga, kan wannan ne filin Gyara Kayanka zai yi magana.

Mi ya sa wurin ke da duhu?

A ƙauye makewayi ba shi da rufi. Zana ce ko katanga, sama kuwa a buɗe. Da rana akwai rana, da dare akwai farin wata. A gari ba haka ba ne. Fili ya yi kaɗan, gidaje sun matsu, wani maƙwabci ma ya yi bene. Don sutura sai mai gida ya gina ɗan ɗaki a lungu, ya rufa mashi kwano, ya sa ƙofa. Taga babu. Bango siminti ne mai toka-toka, ko laka, duka suna shanye haske. In an rufe ƙofa, ko da tsakar rana mutum ba ya ganin tafin hannunshi sosai.

Abin da duhu ke ɓoyewa

Na ɗaya, santsi. Wurin da rana ba ta shiga ba ya bushewa. Gansakuka na fitowa bisa daɓe, ruwan sabulu na kwanciya. Saurayi in ya zame, tashi yake yi ya kaɗe jiki. Amma tsoho yana iya karya ƙugu, mace mai ciki kuwa faɗuwa guda na iya jawo mata ɓari. Ga ramin salga, in bakinshi ya yi faɗi ƙafar ƙaramin yaro na iya shigewa.

Na biyu, mugun ƙwaro. Cikin zafin bazara kowace halitta sanyi take nema. Kunama na laɓewa ƙarƙashin bokiti, ko cikin tsagar bango. Da damina kwaɗi na taruwa inda ruwan wanka ke fita, ɓeraye na bin magudana, maciji kuma yana bin su. Kububuwa ba ta da tsawo, launinta kamar na ƙasa, kuma da dare take yawo. Mutum ya shiga ba takalmi, ba fitila, sai ya taka ta. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta saran maciji yana kashe mutum 81.000 zuwa 138.000 kowace shekara a duniya. Mafi yawansu talakawan karkara ne. Shi ya sa a 2017 ta sa shi cikin manyan cututtukan da anka yi sakaci da su.

Na ukku, ƙazanta. Abin da ido bai gani ba, tsintsiya ba ta share shi. Sauro ma yana son wuri mai duhu da laima. Kuma yaron da ke tsoron duhu ba zai shiga ba. Bayan ɗaki zai tsuguna, ko bakin rariya, da safe ƙuda su bi, su dawo bisa tuwo.

Kafin komi, a yi magana da mai gida

Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗan haya ba shi da ikon fasa bango ko huda kwano don ra'ayin kanshi. Wanda ya yi haka, in ruwa ya yi yoyo da damina, shi zai biya, wataƙila ma a kore shi. Amma mai gida ma yana da riba in wurin ya gyaru, don gidan nashi ne. Abin da ake so shi ne lafazi mai daɗi. Ga misalin yadda maganar kan tafi:

"Alhaji, ina kwana? Na zo da wata ƴar shawara, in ka ba ni izini."

"Bismilla, ɗana. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Wurin wankan nan ne, ba ya da haske. Mai ɗakina na da ciki, kuma ga yara. In ka yarda a buɗe ƴar taga can sama, ni zan kawo magini. Sai mu san yadda za mu raba kuɗin."

"To, kawo maginin in ga inda zai fasa. Siminti nawa ne, aiki naka."

In anka shirya, kada a bar magana a baki. Zo mu zauna, zo mu saɓa. A samu takarda a rubuta abu huɗu: aikin da za a yi, wanda zai biya, ko za a cire kuɗin cikin na haya, da abin da ɗan haya zai ɗauka ran da zai tashi. A sa kwanan wata. Mai gida ya sa hannu, ɗan haya ya sa, shaidu biyu su sa. Takarda biyu za a yi, kowa ya riƙe guda. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci ba ya buƙatar ɗan rubutu don wannan. Da hannunshi zai rubuta, da Hausa.

Hasken rana kyauta ne

Dabara ta 1: farar ƙasa. Ita ce mafi sauƙi, kuma da wuya mai gida ya hana. Farin bango yana maido haske, baƙin bango yana shanye shi. A wanke bangon, a bari ya bushe, a shafa farar ƙasa ko farin fenti sau biyu. A shafa har bayan ƙofa da cikin kwano. Ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa sai ya bazu ko'ina. Bisa farin bango kunama ma ba ta ɓoyuwa. Mai shafawa ya kiyaye idonshi, don farar ƙasa tana da zafi.

Dabara ta 2: ƴar taga. A buɗe ta sama, inda ta wuce kan dogon mutum, don kada a leƙa. Faɗin taki biyu ya isa. In da hali a sa ta gabas, ranar safe ta shiga ta busar da daɓe. A sa mata raga ta ƙarfe don sauro da ƙadangare. Wasu magina suna da bulo mai huji-huji, shi ma yana yi. Taga tana kawo haske, tana kuma fitar da wari.

Dabara ta 3: kwano mai haske. Akwai kwanon rufi na roba wanda haske ke ratsawa. A cire falle guda na ƙarfe, a sa shi a madadin. Rana tana cin shi sannu a hankali har ya tsage, don haka a riƙa duba shi kafin damina.

Dabara ta 4: fitilar kwalba. Wani makanike ne ya gano ta, sunanshi Alfredo Moser, a garin Uberaba na ƙasar Barazil, a shekarar 2002, lokacin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa can. A 2011 wata ƙungiya ta ƙasar Filifin ta ɗauki dabarar, ta yaɗa ta cikin unguwannin talakawa. Ga yadda ake yi:

1. A samu kwalbar roba garai-garai, mai cin lita 1 da rabi ko lita 2. A cire takardar jikinta.
2. A cika ta da ruwa mai tsabta. A zuba ruwan jabel cikin marfi 2, don kada ruwan ya yi kore. A rufe gam.
3. A samu guntun kwano, a huda shi daidai kaurin kwalbar. A cusa ta, kashi 1 sama, kashi 2 ƙasa. A liƙe kewayen da ƙaro mai ƙarfi ko kwalta.
4. A huda rufin daidai wannan girma. A zura kwalbar, a kafe guntun kwanon bisa rufin, a liƙe bakinshi duka.
5. A rufe marfin kwalbar da guntun roba baƙa, don rana kada ta farfasa shi.

Rana na bugun kan kwalbar, ruwan na karya hasken, ya watsa shi cikin ɗaki. In rana ta take, haskenta kan kai na ƙwan lantarki irin na da mai wat 40 zuwa 60. Ba ta cin ko dala. Amma a lura da abu ukku. Da dare ba ta aiki. Ba a yin ta sai ga rufin kwano: rufin laka in anka huda shi, ruwan sama zai bi hujin ya narkar da shi. Kuma in liƙin bai yi kyau ba, yoyo ne. Lokacin hunturu a riƙa goge mata ƙura.

To da dare fa?

Mafi yawan wanka da alwala da asuba ake yi, ko bayan magariba in an taso daga aiki. Nan ne ake buƙatar fitila.

Acibalbal da kyandir ba na wurin wanka ba ne. Iska na kashe su, ruwa na kashe su. In makewayin na zana ne, ko an rataya tufa kusa, gobara ce. Fitilar ƙwai ta fi su, amma in ruwan sanyi ya fantsama bisa ƙwai mai zafi, fashewa yake yi, a taka gilashi da ƙafa. Kalanzir ɗin ma da ake ajewa cikin kwalbar lemo, yara na sha su zaci ruwa ne.

Kuran kuwa, wato wutar lantarki, ba kowa ke da shi ba. Kamfanin NIGELEC an kafa shi tun 1968, amma a ƙididdigar Bankin Duniya ta 2022, kusan mutum 1 ne cikin 5 ke da lantarki a Nijar. Wanda ke da shi ma ya san yana tafiya. Tun 1976 anka jawo layi daga Birnin Kabi zuwa Yamai, wuta mai yawa daga Najeriya take zuwa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke ta, ba ta maido ba sai watan Maris na 2024. Mutanen garuruwa sun sha duhu watannin nan.

Ga wanda ke da kuran a ɗaki, ga gargaɗi babba. Kada ya jawo waya da kanshi daga ɗaki zuwa wurin wanka, ya rataya ƙwai bisa ƙusa. Ƙarfin wutar gida bolt 220 ne. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya ba ta tarewa. Mutum tsaye cikin ruwa, ba takalmi, in ya taɓa wayar da ta kwaile, yana iya mutuwa nan take. In wayar ta gogi kwano ko ƙofar ƙarfe, su ma sun ɗauki wuta. In dole sai kuran, to da izinin mai gida, kuma ƙwararren mai gyaran wuta ne zai yi aikin. Ya bi da wayar cikin bututu, ya sa ƙwan cikin rufaffen gida can sama, makunni kuwa a waje, inda ruwa ba ya kai.

Tocila ta fi lafiya, don wutar batir ba ta da ƙarfin kisa. Wayar salula ma tana da tocila, sai dai nawa sunka faɗa bokiti ko ramin salga? Mai wanka hannu biyu yake so. A kafa ƙusa guda sama, gefen da ruwa ba ya fantsama, a ɗaura ma tocilar igiya a rataya. A juya bakinta ga farin bango ko rufi, ba ga ido ba. Hasken zai dawo ya cika wurin.

Wadda ta fi duka ga ɗan haya ita ce ƴar fitilar sola, mai shan hasken rana. Ba a fasa bango, ba a huda kwano, ba a neman izinin kowa. Ran tashi a sa ta cikin jaka a tafi da ita. In an koma gona ko ruga, tana da aiki can ma. Akwai mai hannu ta ratayawa. Akwai wadda ke kunna kanta in mutum ya matso, ta mutu in ya fita. Wagga tana da kyau ga yara da tsofaffi.

Aiki da rana ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1965 gwamnati ta kafa ma'aikatar binciken ƙarfin rana, ONERSOL. Shehun malami Abdou Moumouni Dioffo ya shugabance ta shekaru da yawa, kuma sunanshi ne jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. A 2018 anka buɗe tashar sola a Malbaza, a 2023 anka kunna wata babba a Gorou Banda kusa da Yamai. Ƴar fitilar hannu da manyan tashoshin ga, aikinsu guda ne: faifai ya sha rana, ya maida ta wuta.

Mai saye ya karanta kwali

Araha ba ta ado. Kasuwa cike take da fitilu, wata shekaru take yi, wata sati biyu ta mutu. Nan ne karatu ke da rana. Ga abin da za a duba jikin kwali:

Lamba mai "lm" a gefenta. Ita ce awon haske, ana ce mata lumen. Kyandir guda yana ba da kamar 12. Fitila mai 50 zuwa 100 ta isa ƙaramin wurin wanka mai farin bango.

Haruffa "IP" da lamba biyu. Lamba ta biyu ita ce ta ruwa. In 4 ce, kamar IP44, fitilar tana jure fantsamar ruwa. In 5 ce, kamar IP65, ta fi jurewa. In babu komi, a nisanta ta da ruwa.

Awa nawa take yi in ta cika. Da kuma garanti: fitilar kirki tana zuwa da alkawarin shekara guda ko fiye. A karɓi takardar saye, a sa mai kanti ya rubuta kwanan wata.

Sannan a yi lissafi. A ce mutum yana sayen batir na sefa 200, wato dala 40, kowane sati. Shekara sati 52 ce. 200 sau 52 ya zama 10.400, wato jaka 10 da dala 80. Kowa ya sa kuɗin da shi yake kashewa, ya gwada da kuɗin fitilar sola a kasuwar garinsu, ya ga wata nawa za ta maida kuɗinta. In gidan haya ne mai ɗaki huɗu ko biyar, wurin wanka guda, sai a yi karo-karo a sayi guda, a san wanda za a ba amanarta.

Riƙon fitilar ba wuya. Da safe a fitar da faifan rana, inda inuwa ba ta kai. A goge mashi ƙura da tsumma mai laushi, don ƙura na rage mashi ƙarfi. In faifan daban yake, a bar fitilar cikin inuwa, zafi na kashe batir. Kada a bar ta kunne dare duka a wurin wanka: haske na tara ƙwari, ƙwari na kiran kwaɗi, an kuwa san mai bin kwaɗi. Mataccen batir kada a jefa shi salga ko kusa da rijiya. Cikin Dallol Mawri ruwan ƙasa ba ya da nisa a wurare da yawa, dafin batir na iya kai mashi. Kada kuma a bar ma yara su yi wasa da shi.

Dokoki biyar na shiga

1. A sa takalmi, ko na roba ne.
2. A haska daga bakin ƙofa kafin a sa ƙafa: daɓe, kusurwa huɗu, sama.
3. A kife bokiti bayan wanka, a ɗaga shi da hankali.
4. A toshe tsagar bango, a sa raga bakin rariya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.
5. Yaro ƙarami kada ya tafi shi kaɗai da dare.

In tsautsayi ya auku

In maciji ya sari mutum, a kwantar mashi da hankali. A cire zobe ko munduwa kafin wurin ya kumbura. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya ko roba, don ɗaurin na iya kashe ƙafar. Kada ya yi gudu. A ɗauke shi bisa amalanke, babur ko mota zuwa likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi babban asibiti, kamar na Dogon Dutsi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Mutum na iya jin sauƙi yau, gobe jini ya ɓalle ta dasashi ko fitsari. Don haka ba a jira a ga abin da zai faru. Allurar kashe dafi ita ce maganin, kuma likita take.

Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne, ya wuce. Ga ƙaramin yaro kuwa yana iya kisa. In yaro ya fara zufa, ko amai, ko dalalar miyau, ko numfashi da ƙyar, a gaggauta kai shi likita.

In kuran ya kama mutum, kada a taɓa shi da hannu, sai ya kama mai ceton. A kashe wutar gidan daga mita. In ba hali, a tsaya bisa busasshen wuri, a ture wayar da busasshiyar sanda. Sannan a kai shi likita, ko ya ce ya warke.

Mace mai ciki in ta faɗi, ta je awo ranar, ko ba ta ga jini ba.

Abin tattaunawa a cibiya

Masu karatu su zauna da malaminsu su duba tambayoyin ga. Cikin dabarun hasken rana huɗu, wacce ta dace da rufin laka, wacce da rufin kwano? Nawa kowane gida ke kashewa wajen batir da kalanzir cikin wata? Kowa ya gwada rubuta takardar yarjejeniya tsakanin ɗan haya da mai gida, a karanta ta gaban jama'a, a gyara.

Wanda bai da kuɗin fitila yau, ya fara da farar ƙasa da ƙusa guda. Wanda zai kama ma yaronshi ɗaki bana, ya leƙa wurin wanka kafin ya biya kuɗin wata. Rigakafi ya fi magani. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin ga zai yi magana kan ramin da ruwan wanka ke zuba, da yadda ake hana shi zama gidan sauro. Allah ya tsare, ya ba da lafiya da zama lafiya.